Takardar Koke Kan Zaƙamin da Ya Mamaye Jujin Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu dattawa da iyaye mata na wannan unguwa mun kawo kukanmu kan zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro ko babba-jibji. Tun da damina ta kankama ya cika juji da kangwaye da bakin kwata. Ga farin furensa mai kama da kakaki, ga 'ya'yansa masu ƙaya, duk inda yaro zai miƙa hannu ya tsinka.

Ranka ya daɗe, matasa sun mai da shi abin maye, har akan zuba wa mutane a zoɓo a wajen biki ba da saninsu ba. Mun ga yadda yake yi: maƙogwaro ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya ɗau zafi ba gumi, fitsari ya ƙi fita. Sai yaro ya tuɓe riga yana tsince-tsincen abin da babu, yana hira da bango, kwana ɗaya ko biyu, ya farfaɗo bai tuna komai ba. Wani ma ba ya tashi.

Matasan sukan ce ai ganye ne, Allah ya tsiro da shi. Ma'aikatan lafiya kuwa sun bayyana mana cewa yana ɗauke da sinadaran atirofin da sikofolamin, kuma ƙarfinsu ya bambanta daga wannan tushe zuwa wancan. Abin da ya bugar da wani jiya yana iya kashe abokinsa yau. Ba shi da ma'auni, ko a hannun masu maganin gargajiya da ke ba da busasshen ganyensa don asma.

Muna roƙon Hakimi ya sa a yi aikin gayya a tumɓuke shi kafin 'ya'yan su bushe su fashe, a binne, kada a ƙona, domin hayaƙinsa ma yana bugarwa. A umarci masu kangwaye su share filayensu. Sarkin Kasuwa ya hana sayar wa yara irinsa, limamai su yi huɗuba, a kuma gayyato jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, su zauna da matasa. Sannan a yi shela cewa duk wanda ya sha a garzaya da shi asibiti, kada a ɗaure shi a ɗaki ana cewa iska ce.

Allah ya taimaki Hakimi.

Naku masu biyayya,
Dattawa da iyaye mata, a madadin jama'ar unguwa.