Kada a yi wa tsoffin babura masu hayaƙi jana'iza da ransu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in yi magana da masu tsoffin babura masu shan baƙin mai tare da fetur, irin su Yamaha YB100 da RX100, Suzuki A100 da AX100, da 'yan Vespa da Jawa da suka rage. A nan Kumasi kusan kowane tsohon gida a Aboabo ko Asawase akwai irinsu jingine a zaure, ƙura ta rufe, ana jiran masu sayen tsohon ƙarfe su zo su auna. Idan ka tambaya sai a ce makanike ya ce injin ya mutu. Ni da na tsufa a sana'ar gyaran babura a Suame Magazine, babbar matattarar makanikai ta Kumasi, ina cewa yawancinsu ba su mutu ba, ba a gano ciwon ba ne kawai.

Yaranmu na yanzu a kan Boxer da Haojue suka koyi aiki. Ban raina su ba, hannunsu ya fi namu sauri. Amma injin waɗancan tsoffin babura, wanda ake kira tu-sitirok, halinsa daban ne. Ba shi da bawul a kai, ba kam, ba sarƙar taimin, kuma kowane juyi ɗaya na kiranshaf wuta yake bayarwa. Fetur da iska idan sun bar kafireta ba sa hawa kan fistin kai tsaye. Ɗakin kiranshaf suke fara shiga, fistin ya sauko ya matse su, sannan su bi ta ƙofofin jikin silinda su hau sama. Ke nan dole ɗakin nan ya kasance a toshe ruf, kamar zugazugin maƙeri: da ya huje, duk ƙarfin hannunka iska ba za ta kai ga wuta ba. Abin da ke toshe shi robobi ne guda biyu, oyil-sil na hagu da na dama. Roba kuwa da ta shekara talatin ko arba'in ta bushe ta tsage.

Kowanne da alamarsa. Idan na ɓangaren maganeto, abin da ke samar da wutar fulogi, ya lalace, injin zai riƙa zuƙar iska ta bayan fage. Da safe sai ka buga kiki har gumi ya karyo maka, in ya tashi kuma ka saki totur sai ya ƙi sauka, yana ta kuka shi kaɗai. Fulogi ya yi fari fat, injin ya yi zafi fiye da kima, wanda ya ci gaba da hawa a haka wata rana fistin zai kama ko ya huje. Idan kuwa na ɓangaren kuloci ne, man giya yake tsotsa. Za ka ga farin hayaƙi mai kauri da wari, fulogi jiƙe baƙi ƙirin, man giya yana raguwa alhali ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

Kwanakin baya wani saurayi ya turo mini YB100 ta marigayi mahaifinsa. Ya ce, "Masta, an wanke kafireta, an canja jet, an sa sabon fulogi, duk a banza." Shi ma wanda ya fara taɓa ta sai da ya sha wuya kafin ya gano kafiretar, don ta YB100 a ɓoye take cikin murfin injin na dama. Na cire murfin hagu, na zare filawil, sai ga bayansa ya yi damshi da mai, ƙura ta manne ta zama taɓo. Na sa ɗan sukundireba na taɓa leɓen robar, ya ɓare kamar busasshen ganye. Muka canja duka biyun, muka goge kwantak muka saita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, fulogi 0.6 zuwa 0.7. Kafin la'asar ya hau abarsa ya nufi unguwar Sawaba.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Wannan injin ba ya ajiye mai a ƙasa, wanda ya shiga tare da fetur shi ke shafa fistin da boris, sannan ya ƙone. Saboda haka man 2T, na musamman don irin wannan injin, aka yi masa. Amma sai ka ga mutum ya zuba man mota, wani ma wanda aka juye daga tirotiro, motar haya, wai ai duk baƙin mai ne. Tokarsa ita ke maƙale ringi, ta toshe ƙofar hayaƙi da salansa, babur ya kasa hawa ko ɗan tudu. Wasu kuma su cire famfon mai don ba su yarda da shi ba. Tun 1964 Yamaha ta fito da tsarin Autolube, famfo ne mai ƙara mai gwargwadon buɗe totur, kuma da wuya ya lalace. Yawanci iska ce ta shige shi, ko tiyo ya tsage, ko wayarsa ta saki. Akwai ɗan sukuru a jikinsa na fitar da iska, kwance shi har mai ya fito ba kumfa. Masu Suzuki su fi kowa kiyayewa, domin a wasu injinan masu tsarin CCI famfon ne ke kai mai kai tsaye cikin boris na kiranshaf, ka cire shi ka bar boris da ƙishi ko da ka gauraya mai a tanki.

Wanda babur ɗinsa tun asali a tanki ake gauraya masa mai da fetur, ya auna, kada ya zuba da ido. Yawancin Vespa kashi 2 cikin ɗari suke so, wato mililita 20 a kowace litar fetur. Kuma yawan mai ba gata ba ne: ramin jet, inda fetur ke bi a cikin kafireta, bai canja ba, idan mai ya yi yawa fetur ɗin da ke wucewa raguwa yake yi.

Tsatsar tanki da soson iska da ƙurar hunturu ta cika, waɗannan kowa ya sani, a wanke kawai. Samarin da ke zare hanjin salansa don ƙara kuwa, barcin maƙwabta suka hana, gudun bai ƙaru ba, sau da yawa ma raguwa ya yi.

Na san za a ce hayaƙi fa? Gaskiya ne, ya fi na baburan yanzu, kuma tsaurara dokar hayaƙi na cikin abin da ya sa aka daina ƙera RX100 a Indiya a 1996. Ban ce a cika kasuwar Kejetia da su ba. Amma baburin da oyil-sil ɗinsa ke da lafiya, mansa daidai, salansarsa wankakkiya, ɗan shuɗin hayaƙi yake yi da safe, in ya ɗumama sai ya ragu. Turnuƙun da mutane ke tsana na marar lafiya ne.

Kayan gyara ba su ɓace ba. Na RX100 suna zuwa daga Indiya, na AX100 daga Sin, sil da boris kuwa lamba ce a jikinsu, ka ɗauki tsohon ka je Magazine a ba ka irinsa. Sai dai kafin mutum ya kashe sidi ko ɗaya, ya duba lambar injin da ta firam ko sun yi daidai da takardun DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, don takardun magabata sukan ɓata wajen rabon gado.

Roƙona ga 'yan'uwana mastoci shi ne kowane shago ya ajiye injin irin wannan ko guda ɗaya a kan benci, yaro ya kwance ya ɗaura da hannunsa kafin a yaye shi.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon makaniken babura,
Aboabo, Kumasi