Wasiƙa Daga Garin Marsandi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Ni ma lafiya ƙalau, sai dai sanyin nan na Jamus da ya hana ni sakat. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, kwas ɗin ne bai bar mana lokaci ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka yau shi ne tsohon musun nan namu. Ka tuna a gindin darbejiyar garejinku, ranar da ka rantse cewa Marsandi sunan Baturen da ya ƙera motar ne? To mutumina, ka faɗi. Ranar Asabar na je gidan tarihin Mercedes-Benz da ke nan Stuttgart, na gani da idona. Sunan yarinya ne. Ubanta, Emil Jellinek, attajiri ne da ke zaune a birnin Nice na Faransa, dillalin motocin kamfanin Daimler, kuma mayen tseren mota. Ya yi odar motoci masu yawa bisa sharaɗin a ƙera su yadda yake so, a kuma sa musu sunan 'yarsa Mercédès. Motar ta fito a 1901 ta yi ta lashe tsere, a 1902 kamfanin ya yi wa sunan rajista. Ka ga kenan duk alhazan da ke taƙama da Marsandi, sunan 'yar wani suke ta ambata. Goron da muka sa, ina bin ka.

Tsarin gidan kansa abin kallo ne. Lifta ce za ta ɗauke ka zuwa can ƙololuwa, sannan ka riƙa gangarowa kana kewayawa, shekaru na wucewa a gabanka. Da ƙofar lifta ta buɗe, ka san abin da na fara cin karo da shi? Doki. Daga shi sai keken Carl Benz mai taya 3, wanda ya ƙera a Mannheim, ya kuma nemi takardar mallakar fasaharsa ranar 29 ga Janairun 1886. Wallahi da za a kawo maka shi gareji, cewa za ka yi amalanke ce aka ɗaura wa injin markaɗe. A wannan shekarar Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suna nasu ƙoƙarin a Cannstatt, unguwar da ke daf da inda gidan tarihin yake. Kamfanonin biyu sun daɗe suna gogayya, sai a 1926, bayan yaƙi da hauhawar farashi sun durƙusar da kasuwa, suka haɗe suka zama Daimler-Benz. Tauraron nan mai tsini 3 da yara ke ɓallewa daga bonet, na ɓangaren Daimler ne, wai nufinsa injinsu zai yi aiki a ƙasa da ruwa da sama.

Amma inda na fi daɗewa a tsaye shi ne labarin matar Benz, Bertha. Mijin ya ƙera mota, amma babu mai saye, shi kuma yana ta ɗari-ɗari. Wata asuba a watan Agustan 1888 ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, suka turo motar a hankali don kada ƙarar ta tashe shi, suka kama hanyar Pforzheim, garin mahaifiyarta, tafiyar sama da kilomita 100. Babu gidan mai ko ɗaya a duniya a lokacin. Da mai ya ƙare, a kemis ta saya a garin Wiesloch. Bututun mai ya toshe, ta zare tsinken da ke riƙe da hularta ta zungure shi. Birki ya cinye, ta tsaya wurin baduku ya buga masa fata. A kan tudu kuwa sai sun sauka sun tura. Kai na tuna, da ranar da ka ɗaure mana hos da tsumma a hanyar Wudil muka lallaɓa har gida. Bakanike dai bakanike ne, ko da ya zo a siffar matar aure 'yar Jamus.

Ba su ɓoye baƙin shafin tarihinsu ba. A zamanin Hitler kamfanin ya ƙera injinan jiragen yaƙi da motocin soja, ya kuma yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki. A 1955 kuma motarsu ta tsere ta faɗa cikin 'yan kallo a tseren Le Mans na Faransa, mutum fiye da 80 suka mutu, suka janye daga tsere shekaru da dama. 'Yar'uwar waccan motar, 300 SLR, ita aka yi gwanjonta a 2022 kan Yuro miliyan 135. Na lissafa da naira, kaina ya yi ciwo, na bari.

Abin da na fahimta, darajar nan ta Marsandi ba tsada ce ta kawo ta ba, ita tsadar ce ta biyo darajar. Su suka fara fitar da motar da gabanta da bayanta ke lanƙwashewa a haɗari don fasinja ya tsira, a 1959. Birkin ABS kuma, mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, suka sa shi a babbar motarsu S-Class a 1978. Sannan ga juriya. Ranar da na sauka a Frankfurt, layin tasi na gani, Marsandi reras masu launin madara, direba na cin burodi a ciki. Motar da a gida sai an yi mata addu'a an yanka rago, a nan ita ce ta haya. Na yi dariya ni kaɗai. Amma da na yi tunani, ai ɗan tasi ba ya sayen mota don burga, wadda ba za ta kwana a gareji ba yake nema. Shi ya sa Marsandi samfurin W123 da aka fara a 1976, wadda aka ƙera kusan miliyan 2.7, har yau take yawo a titunanmu, haka ma V-boot da gingimarin 911 mai dakon kaya zuwa Kudu.

Su sababbin fa, ban sani ba ko za ka yi marhabin da su. Na leƙa cikin guda, allo ne tun daga gaban direba har gaban fasinja, komai kwamfuta. Sifana da kunne ba za su wadatar ba, dole ka tura yaron nan naka mai kaifin kai ya koyi aiki da na'urar gano matsala tun kafin su cika gari.

In Allah Ya kai ka Legas sayen kaya, ka daure ka shiga gidan tarihi na Onikan. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan da ramukan harsashi a jikinta. Ina cikin kallon na nan ita ce ta yi ta faɗo mini a rai.

Na sayo maka maƙalin makulli mai tauraron, shi aljihuna ya iya. Sai bayan Sallah zan dawo in sha Allahu. Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a. Tsohuwar 200 ɗin nan ta Baba kuma, don Allah ka riƙa tayar da ita ko sau ɗaya a mako, kada batir ya mutu, kuma duk wanda ya taya ka ce ba ta sayarwa ba ce.

Naka har kullum,
Amininka