Wasiƙar godiya ga garejin da ya raba motata da rawa

Zuwa ga Oga da dukkan ma'aikatan gareji,

Assalamu alaikum. Ranar da na karɓi motata na yi muku godiya da baki, amma na ga ba ta isa ba, shi ya sa na rubuta wannan inda kowa zai gani.

Kusan wata biyu motar nan tana mini rawa. Da na kai gudun kilomita 30 zuwa 40 sai sitiyari ya fara kaɗawa hagu da dama, gaban motar yana ɗan tangaɗi. In na ƙara gudu sai kaɗawar ta koma karkarwa. Na kai ta wuri biyu kafin ku. Na farko suka yi balansin, suka liƙa wa rim ƙarafuna, na tafi, rawa na nan. Na biyu ko zagaya motar bai yi ba ya ce shokozoba ce, a canza duka huɗu. Allah Ya sa ban biye masa ba.

Oga, kafin ka taɓa sifana sai da ka zauna ka yi mini tambayoyi. A wane gudu take farawa? A sitiyari nake jin ta ko a kujera? Tana ƙaruwa in na taka birki, ko in na taka totur? Akwai gurnani? A raina na ce wannan mutum ya cika tambaya, ashe kowace amsa tana cire wani abu ne daga lissafi. Ka bayyana mini cewa in matsalar balansin ce, yawanci sai an kai gudun kilomita 80 zuwa sama ake jin ta. Wadda ke zuwa lokacin taka birki kaɗai, faifan birki ne bai daidaita ba. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu kuwa boris ake zargi, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Amma rawar da ke farawa ana tafiya a hankali, ka ce ido ya fara sauka kan taya da rim.

Bayan mun ɗan zaga da ita tare, yaronka ya sa jak ya ɗaga gaba. Ya kama taya ta gefe da gefe ya girgiza, sannan ya kama sama da ƙasa. Ta gefe ana neman sakin tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota, ta sama da ƙasa kuma boljoyin, mahaɗin da ke riƙe ƙafar, ko boris. Ɓangaren hagu ya ɗan yi motsi ta gefe, kuka ce kan tayarod ya fara ci, amma ba ku tsaya a nan kun ce shi ke nan an gano ba. Wannan ne ya fi burge ni. Ka ce sakin bai kai ya jawo irin rawar da muka ji a hanya ba, a ci gaba da dubawa.

Sai aka juya tayar dama a hankali, ka ɗora tafin hannunka a kanta. Ka kira ni na sa nawa. Akwai wani wuri da ya ɗan kumbura, ido ba ya kama shi in motar tana ƙasa, amma hannu yana ji sarai. Wayoyin ƙarfen da ke cikin tayar sun rabu da roba, tayar ta daina zama da'ira, ga shi ba balansin da zai gyara tayar da ta karkace daga ciki. Ka nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta, 2317, wato an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2017. Ni da nake kallon zanenta da saura, ban taɓa sanin taya tana da ranar haihuwa ba. Gabana ya faɗi da na tuna sau nawa na hau babbar hanya da iyalina a kanta.

Duk da haka ba ku ce in sayi komai ba sai da kuka ɗaura safaya a wurin, muka sake fita, sitiyari ya tsaya cak.

Daga nan aka canza tayoyin gaba biyu, aka sa sabon kan tayarod, sannan aka yi alaimen, domin duk wanda ya taɓa tayarod dole ya sake saita ƙafafu. Shokozoba kuwa kun duba kun ce lafiyarsu ƙalau. Tsofaffin kayan kun saka mini a but ba tare da na tambaya ba.

Ina kuma gode wa ƙaramin yaron da ya ɗaure notuna. Bai hau sifana da ƙafa ba, ya bi su ɗaya tana fuskantar ɗaya da sifana mai awo, ya ce in dawo bayan kilomita 100 a sake dubawa. Na dawo, ya duba, ya ce babu wadda ta saki.

Allah Ya ƙara albarka a sana'arku, Ya tsare hannuwanku. Makon gobe zan turo ƙanena da tasa motar, ita kuma sai ya taka birki take karkarwa.

Naku,
Mai motar da ta daina rawa