Amsa ga Malamin da Ya Kira Kiɗan Abdullah Ibrahim na 'Yan Giya

Malam, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo min a Facebook, a bainar jama'a: wai don me nake cinye lokacin shirina na rediyo da "kiɗan Turawa na gidan giya", na bar Shata da Ɗan Maraya. Batun Shata ba zan tsaya a kai ba, masu sauraro sun san yadda kalangu ke tashi a shirin. Abin da ya sosa min rai shi ne yadda ka mai da Abdullah Ibrahim, makaɗin fiyano na salon jazz da nake sakawa a shirin, Bature mai yi wa mashaya kiɗa.

Mutumin nan haifaffen Cape Town ne ta Afirka ta Kudu, a 1934, kuma gwamnatin wariyar launin fata ba ta taɓa lissafa shi cikin Turawa ba. Bayan kisan Sharpeville na 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69, ƙasar ta yi wa makaɗa irinsa ƙunci, ya fita Turai a 1962. A Zurich Duke Ellington, shahararren makaɗin jazz na Amurka, ya ji fiyanonsa a 1963, ya tsaya masa aka ɗauki faifansa. A 1968 ya musulunta, ya ajiye sunan Dollar Brand da aka san shi da shi, daga baya kuma ya sauke farali.

Ka taɓa zama ka ji kiɗansa mai suna Mannenberg kuwa? A 1974 aka ɗauke shi, da sunan unguwar da aka jibge mutanen da aka tasa daga gidajensu. Hannun hagunsa na maimaita zango ɗaya kamar mai daka a turmi, Basil Coetzee na busa saksofon a kai. Ni dai duk sa'ad da na saka shi a situdiyo sai tsigar jikina ta tashi. Da shi mutane suka riƙa taruwa suna adawa da wariya, Abdullah Ibrahim kuma ya yi wasa a bikin rantsar da Mandela a 1994.

Lambata na wurinka, Malam. Da neman sani kake yi, da ka kira ni; ina zargin tafin mabiyanka ka nema. Shekaru ina fama da masu ɗaukar duk kiɗan da ba su saba ji ba a matsayin kayan Turawa, ko da bayi da jikokinsu ne suka ƙirƙire shi cikin wahala.

Ranar Asabar zan saka Mannenberg daga farko har ƙarshe, minti 13 da 'yan kai. Ka kunna rediyonka.

Wassalam.