Wasiƙa zuwa ga aminina a Amurka

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari.

Saƙo ya iso. Ƙanenka ya kawo mini kalkuleta TI-84 Plus ɗin har gida. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na sayi ƙananan batura huɗu na zuba mata, ta kama nan take. Amma ka san hannuna da Casio ya saba, sai da na kwana biyu ina lalube.

Da makin ɗalibaina na fara gwada ta. Na danna STAT, na shiga EDIT, na jera makin gwajin farko a jeri na ɗaya, L1, na jarrabawar ƙarshen zango a jeri na biyu, L2, kowane layi ɗalibi guda. Da na kunna STAT PLOT na danna ZOOM da 9, sai ga ɗigo-ɗigo sun jeru suna hawa daga hagu zuwa dama. Wallahi na daɗe ina kallo. Shekara nawa muna zana wannan da rula a allo, alli yana cika mana hanci!

LinReg(ax+b), mai nemo miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da ɗigon, ta ba ni a da b, ta hana ni r, wato ma'aunin ƙarfin alaƙar da ke tsakanin makin biyu. Ashe sai an shiga CATALOG an kunna DiagnosticOn tukuna. Kuma a nan harafin a shi ne gangaren layi, alhali a Casio ɗina, mai A+BX, B ne gangaren. Saura kaɗan in rubuta su a juye.

To, ga inda na yi ɓarna. Na so in ga makin a jere daga ƙarami zuwa babba, sai na sa SortA(L1) kawai. Da na koma kan zanen, ɗigon nan sun watse kamar an watsa wa kaji gero, r kuma ya zube warwas. Na fara zargin yaran da satar amsa, Allah ya yafe mini. Sai bayan la'asar na gane L1 ce kaɗai ta motsa, L2 tana nan inda take. Wato na raba kowane yaro da makinsa, na liƙa masa na wani. Da SortA(L1,L2) na rubuta, da tare za su tafi.

Abin da ya fi ba ni tsoro, na'urar ko uffan ba ta ce ba. In jeri ɗaya ya fi ɗaya tsawo, nan da nan za ta yi ƙorafin DIM MISMATCH. Amma in tsawonsu ɗaya, ko an cakuɗa su, lissafi za ta yi maka hankali kwance. Matsakaicin kowane jeri ma bai canza ba, balle ka farga. Dole na ɗauko rajista na sake shigar da komai, yaro bayan yaro.

Yanzu ina so in duba ko yaran sun ƙaru da gaske. Na cire L1 daga L2 na zuba a L3, zan yi T-Test a kan bambancin, wato gwajin da ke nuna ko ƙaruwar ta gaske ce ko dace ne kawai. Kai da kake amfani da ita kullum, ka duba mini ko hanyar ke nan kafin in kai wa shugaban sashenmu.

Ka gaishe da Hajiya da yara. Su Inna suna tambayar yaushe za ka leƙo gida.

Wassalam,
Naka amini.