Zuwa Ga 'Yan'uwa Zage-zagi Mazauna Waje: Kan Abin Da Ya Faru A Taron Wata

Assalamu alaikum.

Dole ce ta sa muka rubuto. Abin da aka yi wa Baba, dattijon ƙungiyarmu, a taron da ya wuce ya ƙona mana rai. Dattijo ya ce ya ajiye katin jam'iyyar APC, ya gaji da gafara sa bai ga ƙaho ba, sai wasu suka yi masa ca, har da mai kiransa maci amana. Mutumin da ya yi jika da ku!

Baba yana cikin tafiyar nan tun ANPP a 2003, ya bi CPC a 2011, a 2015 kuwa daga aljihunsa aka ciyar da matasan da suka kwana gadin akwati a Kwarbai da Tudun Wada. Yawancinmu ma mun yi ta bugo waya gida muna cewa a kasa, a tsare, a raka. To me muka gani? An kwashi ɗalibai a kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya a 2021. An tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ku ke aiko da kuɗin cefane, kun san yadda buhun masara ya koma. Unguwanni da yawa har yau 'yan ga-ruwa suke jira. Wanda ya ce zuciyarsa ta yi sanyi bai yi laifi ba, mu kanmu cikin shugabanni akwai waɗanda suka dawo daga rakiyar.

Amma ku da kuka riƙe kuɗin wata don Ma'aji bai bar jam'iyyar ba, kun san kanku, wa kuke hukuntawa? Ba ofishin jam'iyya kuɗin nan ke zuwa ba. Maganin marasa lafiyarmu ne a asibitin Shika, da kuɗin makarantar marayu. Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa tambayar kowa wa ya zaɓa ba kafin a kai masa gudummawar rasuwa.

Waɗanda suka yi wa Baba rashin kunya su kira shi su ba shi haƙuri kafin Juma'a. Ba sai mun kama suna ba.

Sauran batutuwa: taro ranar Asabar ta ƙarshen wata. Rijiyar burtsatse ta Ƙofar Gayan ta tsaya sai kuɗi sun shigo. Waɗanda ake bin su bashi su tuntuɓi Ma'aji.

Wassalam.
Shugaba da Sakatare