Yadda Arvo Pärt ya koyi kiɗa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka nemi bayani kan ƙuruciyar Arvo Pärt, mai tsara kiɗan nan na Istoniya, to ga shi.

An haife shi a garin Paide ranar 11 ga Satumba, 1935, amma a Rakvere ya tashi wajen mahaifiyarsa. Fiyanon gidansu tsoho ne, madannan tsakiya sun lalace. Ka san a tsakiyar nan ake fara koya wa yaro, don nan hannu biyu suke zama. Dole ya koma gefe da gefe, can ƙasa mai kauri da can sama mai siriri. A ganina nan kunnensa ya saba da tazara tsakanin sauti da sauti. Ya yi makarantar kiɗa ta garin, malamarsa Ille Martin. Idan kuma rediyo ta sa kiɗan babbar tawaga a lasifikar dandali, sai ya yi ta zagaye wurin a keke har a gama.

A 1954 ya tafi makarantar kiɗa ta Tallinn, babban birnin ƙasar, sai aikin soja ya katse karatun. A bandin soja ya kaɗa ganga, ya busa obo, mai beli biyu irin na algaita. Ya shiga babbar kwalejin kiɗa a 1957 a hannun Heino Eller, ya kammala a 1963.

Kada ka raina aikin da ya haɗa da karatun, wato ɗaukar sauti a gidan rediyon ƙasar har 1967. Mai wannan aiki kullum yana jin inda kayan kiɗa suke danne juna, da yadda matsar da makirufo kaɗan ke gyara su.

Yana ɗalibi, a 1960, ya rubuta wani kiɗa mai suna Nekrolog da tsarin sautuka 12: a jera su duka, ba a komawa kan ɗaya sai an bi ta sauran 11. Shi ne kiɗa na farko mai wannan tsari a Istoniya. Hukumomin Tarayyar Sobiyet, wadda Istoniya take ƙarƙashinta a lokacin, suka yi masa ca, suna cewa salon Turawan Yamma ne. Salon da duniya ta san shi da shi kuwa bai fito ba sai 1976, bayan shekarun da ya yi yana nazarin tsofaffin waƙoƙin coci masu murya ɗaya.

Ka gaishe min da Baba da yara.

Naka amini.